Farantin Marnie na Shida

Wanda ya tafi hutu ya bar aikinsa a hannun manya, to kada ya yi mamakin abin da zai tarar. Noeline Pascoe ta yi wata uku a Streaky Bay tana kamun kifi da mijinta, irin hutun nan da ake ba wanda ya daɗe yana bauta wa wuri ɗaya. Ranar Litinin ta farkon Fabrairu ta koma bakin aiki a Adelaide, iskar arewa tana busowa kamar daga bakin tanda, sai ta tarar da hoto manne a ƙofar ɗakinta.

Shekara ashirin da bakwai ke nan tana riƙe da ɗakin madubi, wato na'urar ƙara girman ƙananan halittu, a cibiyar binciken nan. Sana'arta rini, amma ba na tufafi ba. Akan yanko 'yar fata daga hannun mara lafiya, a rene ta a faranti har ƙwayoyin halittar da ke cikinta su yaɗu, sannan a kawo mata. Ita kuma ta ɗiga musu rini mai ƙyalli suna raye. Rinin ya shige ciki ya kama abin da aka aike shi ya kama, in an haska shi a duhu sai wurin ya ɗau haske. Wanda ta fi taɓawa ja ne, mai kama 'yan murahun da ke cikin kowace ƙwaya, waɗanda ke ƙona abinci su ba jiki ƙarfi. Sunansu mitokondiriya, amma a ginin nan ba mai wahalar da bakinsa, mito kawai ake cewa. A jikin mai lafiya dogaye ne kamar zare, suna miƙa suna haɗewa. In sun lalace sai su tsittsinke.

Na hoton ƙofa sun tsittsinke. Jajawur, kamar murjani ya watse a kan baƙin zane. Hoton yana da kyau, wannan ba musu, kuma kyan nasa ne ya sa Noeline ta tsaya da jaka a kafaɗa ta kasa sa makulli. A ƙasa an rubuta da hannu: Marnie K., shekara shida.

Ba ta nemi kowa ba. Ta jira shayin hantsi, don ta san duk wanda ya yi wannan aiki ba zai iya haɗiye shi ba. Ai kuwa ƙarfe goma da rabi sai ga Farfesa Warwick Tregenza, shugaban sashen, da kofi a hannu ɗaya da kek ɗin da suke kira lamington a ɗayan, garin kwakwa duk ya zube masa a gaban riga. Tare suka fara aiki a ginin, shi ya bi matakala ya hau sama, ita ta zauna a duhu inda ta fi so.

"Sarauniyar duhu, sannu da zuwa," in ji shi. "Kin bar wa jama'a kifi a tekun kuwa?"

"Na bar musu waɗanda suka fi ni wayo. Wa ya yi hoton ƙofata?"

"Bawanki."

"Kai? Da hannunka?"

"Da waɗannan biyun, Noels. Kin ɗauka na manta?"

Ya zauna ya zayyana mata labarin. Marnie 'yar wasu manoman alkama ce daga wajen Kimba. Ƙafafunta suna mutuwa a hankali, har ta kai ba ta iya hawa motar makaranta sai uban ya ɗaga ta. Likitarta, Dakta Kalogeras, ta gwada duk abin da za ta iya ba ta gano komai ba, shi ne ta aiko da fata. Fatar ta yi taurin kai, mako bakwai aka yi ana lallashinta kafin a sami faranti shida, kuma ƙwayoyin sun gaji, sun kusa daina haihuwa, ba a sami ragowar da za a daskarar ba. Lokacin kuwa Janairu ne, tsakiyar bazara a ƙasar nan, ɗalibai duk sun watse hutun zafi, Noeline tana bakin teku. Sai Warwick ya naɗe hannun riga ya shiga da kansa. Faranti biyar ya rina, duk biyar suka nuna abu ɗaya. Ya riga ya gaya wa likitar a waya. Ranar Juma'a zai aika takarda, ranar Talata mai zuwa kuma a kwantar da yarinyar, a sa ta barci, a yanko tsoka daga cinyarta don a tabbatar. Maganin barcin yana da hatsari ga yaro mai raunin tsoka, shi ya sa likitar ta ƙi yarda da yankan tun farko, sai da ta ji abin da madubi ya nuna.

Noeline ta tambaye shi yawan rinin da ya sa. Ya ce ya bi ma'aunin da ta rubuta a jikin kabad, ya duba bai ga komai ba sai baƙi ƙirin, ya ɗauka rinin ya tsufa. Shi ne ya ninka shi goma, ya bar shi ya jiƙu kamar awa guda yana wajen taro, ya dawo ya murɗa hasken madubi har ƙarshe. Nan take abu ya fito tar.

"Ka zauna a duhun kafin ka duba?"

"Wane duhu?"

Duk wanda ya koyi aiki a hannunta ya san minti goma na farko ba na aiki ba ne. Ka kashe fitila, ka zauna shiru har idonka ya saba, sannan ka kai shi bakin madubi. Rini kaɗan hasken kaɗan yake bayarwa, kamar garwashi a ƙarƙashin toka, wanda ya shigo daga rana ba zai gan shi ba. Kuma ba rowa ce ta sa take sa kaɗan ba. Rinin nan dafi ne in ya yi yawa, hasken kuma yana ƙara masa zafi, sai ya kashe abin da aka aike shi ya nuna. Garin neman gira a rasa ido, shi ke nan.

Ta ce to, da me ya gwada na yarinyar? Domin ba a cewa dogo sai an ga gajere a gefensa. Dokar aiki ce, duk farantin mara lafiya sai an rina na mai lafiya tare da shi, rini ɗaya, haske ɗaya, rana ɗaya. Warwick ya karkaɗe garin kwakwa daga rigarsa, ya ce ya gwada da tsofaffin hotunanta na cikin kwamfuta, ai akwai su ɗaruruwa.

"Hotuna na ce ko faranti?"

"Kin fi kowa sanin abin da ya sa, Noels."

Ta sani kuwa. Ƙwayoyin mai lafiya da sashen nan yake gwaji da su shekara da shekaru, na Warwick ne. Tun yana saurayi ya miƙa hannu aka yanki fatarsa, aka rene ta, aka cika kwalabe aka jefa a tulun sanyi. To ga doka kuma mai tsauri: ba wanda ke taɓa ƙwayoyin jikinsa. Kowa yana iya renon na wani, amma ban da nasa, don in sun rikiɗe a faranti suka koma jikinsa ta wani ɗan yanka, jikin ba zai gane baƙo ba ne balle ya kore shi. Warwick ya kiyaye wannan doka sarai. Ɗayar ce ya tsallake, kuma girman kai bai bar shi ya haura bene ya roƙi wani ya narkar masa ba.

Ya ce da ita yau da yamma yana son farantin na shida, zai ƙara hoto ɗaya ya haɗa da takardar.

Noeline ta tashi ba ta gama shayinta ba. Ta nufi akwatin ɗumi inda ake ajiye ƙwayoyi da zafin jikin mutum, ta ciro farantin, ta zagaye murfinsa da jan salatif, ta rubuta sunanta, ta mayar da shi can ƙasa. Warwick yana tsaye a bayanta. Ya tuna mata cewa shi ne shugaba, cewa sunansa ne zai hau takardar, cewa faranti biyar ba za su haɗa baki su yi ƙarya ba. Ta ce za su haɗa mana, in hannu ɗaya ya koya musu.

"Ranka ya daɗe, ofis naka ne, takarda taka ce. Faranti kuwa ɗaya ya rage wa yarinyar nan a duniya, kuma in an rina shi an gama da shi. Ka ba ni zuwa Alhamis. In na yi kuskure ni zan liƙa wa takardar kan sarki."

"In na ƙi fa?"

"Sai ka yage salatif ɗin da hannunka ina kallo."

Bai yage ba. Ya yi tsaki, ya ce mata ta dawo da taurin kai fiye da wanda ta tafi da shi, ya fita.

Da ya bar wurin ta sa safar hannu mai kauri da gilashin fuska, ta buɗe tulun sanyi, hayaƙi ya malalo ƙasa ya rufe mata takalmi. Ta zaro kwalba ɗaya mai harafin sunansa, ta narkar da ita a ruwan ɗumi, ta raba ƙwayoyin faranti biyu. Kwana uku suke bukata su farfaɗo su manne su miƙe jiki. Sannu ba ta hana zuwa. Kullum da safe ta duba su, ta kuma duba na Marnie da farin haske mai rauni, ba fiye da ƙiftawar ido kaɗan ba, ta sauya musu ruwan abinci ta mayar.

Kada a ɗauka ta san abin da za ta gani. Hannunta ta amince da shi, da ma'auninta, amma ba ta da labarin abin da ke cikin jikin yarinyar. Mai yiwuwa ne Warwick ya bi karkatacciyar hanya ya faɗa gidan gaskiya. In haka ne, a yi yankan da hujja. Abin da ba za ta yarda da shi ba, a sa wa 'yar mutane wuƙa saboda hoto ya yi kyau.

Ranar Alhamis da hantsi ta ɗauki ɗaya daga cikin farantan biyu na Warwick, ta goge sunan, ta rubuta lamba kawai. Ta zuba rini ninki goma, hannunta yana ƙi tana tilasta masa. Ta bar shi awa guda. Ta ɗora a madubi, ta murɗa haske har ƙarshe, sannan ta buga masa waya ta ce ya sauko, akwai wani faranti da take son ya gani kafin su taɓa na Marnie.

Ya shigo ya tsaya a bayan kujerarta, ya dubi allon kwamfuta. Jajawur, murjani a watse. Ya sunkuya, ya gyara tabarau. Ya fara nuna mata da yatsa yadda suka dunƙule, yadda ba zare ko ɗaya da ya rage. Ya ce wannan ma ya fi na Marnie muni, wannan ko zama da kansa da wuya in yana iyawa. Muryarsa ta yi ƙasa, don Warwick ba mugu ba ne, tausayin yara ne ya kawo shi sana'ar.

"Ɗan waye? Kalogeras ce ta aiko shi?"

"A'a. Ɗan wata Misis Tregenza ne, daga Moonta."

"Shekararsa nawa?"

"Sittin da ɗaya. Yana hawa keke ya zo aiki, yana cin lamington biyu kafin azahar."

Warwick ya ja da baya taku ɗaya daga teburin, ya sa hannuwansa a aljihu kamar yadda doka ta ce. Ya daɗe yana kallon allon. Wanzami dai ba ya son jarfa. Can ya ce a hankali, ashe mutuwa ya yi bai sani ba.

"Allah ya ji ƙanka," in ji Noeline. "Ja kujera ka zauna. Saura aikin gaske."

Ta jefa wancan farantin a kwandon ƙonawa. Ta ɗauko kwalbar rini daga firji, naɗe da takardar azurfa don kada haske ya cinye ta, ta auna ɗigon da ido da ƙyar yake gani, ta narka a ruwan abinci mai ɗumi. Ruwan bai ko sauya launi ba. Ta raba shi biyu daidai, rabi a farantin Warwick da ya rage, rabi a na Marnie. Da ta yanke jan salatif ɗin ba ta yi sauri ba, ba ta kuma yi jinkiri ba. Minti ashirin a akwatin ɗumi, ta wanke su sau biyu, ta ɗora su gefe da gefe. Sannan ta kashe fitila, ta kashe allon.

Suka zauna a duhu. Warwick ya fara magana, ta ce ya bari. Ya motsa kujera, ta ce kujerar ba ta yi masa laifi ba. Shekara goma sha biyu rabonsa da zama minti goma ba waya ba takarda, ga shi yau an zaunar da shi kamar ɗalibin shekarar farko, kuma ya zauna.

Nasa ta fara dubawa, da haske ƙasa-ƙasa. Ga su nan, ja mai duhu, zare-zare, suna miƙa daga tsakiyar ƙwaya zuwa gefe, wasu suna rarrafe a hankali. Ta matsa ta bar shi ya kai ido, hannunsa a baya. Ya ce bai ga komai ba. Ta ce ya daina nema, ya tsaya kawai. Jim kaɗan ya ce, "Af."

Ta zame teburin madubin zuwa farantin Marnie. Ƙwayoyin ba su da yawa, sun baje sun yi faɗi irin na gajiyayyu. Ta murɗa a hankali har suka fito sosai.

Zare ne. Dogaye, a haɗe, suna motsi. A gaban idonta biyu suka taɓa juna suka zama ɗaya.

Ƙwaya ɗaya ba shaida ba ce. Ta bi farantin layi-layi daga sama zuwa ƙasa, ba ta tsallake mummuna ta ɗauki kyakkyawa ba, duk wadda ta faɗo a gabanta ita take ɗauka, kuma kowace sau ɗaya tak take haska ta. Ta yi wa na Warwick haka. Sannan ta jera hotunan a allo, ta cakuɗa su ba suna, ta ce ya raba mata na yarinya da na tsoho. Hotunan dishi-dishi ne, ba wanda zai manna su a ƙofa. Ya yi rabin awa yana gwadawa, yana matsar da wannan nan ya mayar da shi can. Daga ƙarshe ya cire tabarau ya ce ba zai iya ba.

"Ni ma haka," in ji ta.

Suka hau ofishinsa. Ya buɗe takardar da ya shirya, ya fara gyara ta da irin Turancin manya, wai bayan ƙarin bincike sakamakon bai tabbata ba. Noeline tana tsaye a kansa tana karantawa. Ta ce masa likitar da baki ya gaya mata, don haka da baki zai warware. Kuma in ya ce bai tabbata ba, matar za ta ɗauka rabi da rabi ne, ta ce gara a yi yankan a huta da shakka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ya faɗi abin da ya faru yadda ya faru.

"Kina son in ce mata na manta aikin ɗalibin shekarar farko."

"Ina son ka ce mata kada ta yanka yarinyar. Sauran kuma ta gane da kanta."

Ya ɗauki waya. Noeline ta ji duk abin da ya faɗa, kuma bai rage komai ba. Ya ce rinin ya yi yawa, hannunsa ne ya zuba, bai gwada da na mai lafiya ba, hotuna biyar ɗin a jefar da su. Ya ce an sake da faranti na ƙarshe yadda ya kamata, mito ɗin Marnie ba su da bambanci da na mai lafiya a madubi. Wannan bai wanke su ɗungurungum ba, akwai laifin da rini ba ya nunawa, amma hujjar da aka kafa yankan a kanta ta rushe.

Likitar ta faɗa masa wasu kalmomi da ba sai an maimaita ba, ya karɓa bai musa ba. Da ta huce ta ce za ta soke na Talata, za ta koma kan gwajin jini da na jijiya da ta ajiye gefe tun da ya kira ta. Ta kuma ce abin da ya fi mata wuya yanzu shi ne uwar, domin mako biyu ke nan matar tana riƙe da sunan ciwo, ga shi za a karɓe mata shi a bar ta hannu wofi. Za ta tambaya, to mene ne ke damun 'yata? Me za a ce mata?

Warwick ya dubi Noeline. Noeline ta girgiza kai.

"Ki ce mata ba mu sani ba tukuna," in ji shi a wayar. "Ki ce mata daga bakina."

Da yammacin ranar aka buga waya Kimba. Uban yana cikin rumfar injuna, ya riga ya cika mota da mai don tafiyar awa biyar, ya samo maƙwabcin da zai duba masa tumaki. Aka ce masa ba sai sun zo ba. Ranar Talata da safe ya ɗaga Marnie ya sa ta a motar makaranta kamar kullum, ƙafafunta yadda suke, cinyarta ba ɗinki.